Tayoyin Bayan Tasha

Bremerhaven, farkon Satumba

Kawu Gotthard,

Ina gaisuwa. Na kira ka Kawu ne don haka babana yake kiranka, kai ƙanen mahaifiyarsa. Ni ban san sunan da ya dace tsakanina da kai ba, mutumin da da ƙyar na san fuskarsa. Yaya gwiwa, yaya kunne? An ce ba ka jin waya, shi ya sa na sayi takarda da ambulan kamar mutumin da. Ni ƙalau nake, ban da ciwon baya, wanda duk mai loda tsofaffin tayoyi cikin kwantena daga safe zuwa yamma yake fama da shi.

Na gode da ka zo jana'izar babana. Waɗanda suka zo ba su cika benci biyu ba, rabinsu ma kek ɗin bayan binnewa ya kawo su. Matar Oelsner, wata 'yar garin, ta riƙe hannuna tana cewa babana Heiko mutumin kirki ne, na ce mata ai da ta gaya masa yana da rai, da mamaki ya kashe shi tun kafin hanta ta yi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Bayan an watse ka ja ni ɗakinka na sama ka nuna mini jirgin ƙasanka na wasa. A ranar ka ɗauka burge ni ya yi. Ya burge ni, ba zan yi ƙarya ba. Garin Kaltenhau ɗungurungum a kan teburi: coci, gadar ƙarfe, masana'antar safa da audugar da ka liƙa a bakin bututu ta zama hayaƙi, har da karen mahauci yana ɗaga ƙafa jikin fitilar titi. Ka danna wani abu, ɗan jirgi ya fito daga cikin dutse ya tsaya a tasha. Sai na duba bayan tashar, inda filin tayoyin babana yake, inda na koyi tafiya. Ciyawa na gani, kore shar, da shanu suna kiwo.

Shanu, Kawu.

Na san abin da ake yi duk shekara. Lahadin farko ta shirin Kirsimeti kana buɗe ƙofa, gari ya hawo matakala, kowa da yankan burodi mai zabibi a hannu, kowa yana nuna gidansu da ɗan yatsa. Mu ba mu taɓa zuwa ba, yanzu na gane dalili. Hukumar gari ta kwashe filin da katafila, kai kuma ka ƙarasa mata aikin da ciyawar roba.

Ba roƙo nake ba. Zan yi tayoyin da hannuna daidai ma'aunin teburinka. Na tambayi wani mai sayar da irin kayanku a nan, ya ce a ma'aunin ku mutanen Jamus ta Gabas tayar mota ba ta wuce ƙwayar wake ba. Kai dai ka kawar da shanun kafin ranar.

Tilo

Kaltenhau, tsakiyar Satumba

Ɗana Tilo,

Takardarka ta iso, na ji daɗi ƙwarai. Rabon da wani ya rubuto mini da hannu har na manta. Gwiwa tana nan yadda ka bar ta, matakalar sama ta zame mini tsauni. Kunne kuwa ya huta da surutun mutane. Ka riƙa durƙusawa in za ka ɗaga kaya, kada ka sunkuya. Sanyi ya fara a nan, tuffa ta nuna a lambu, ba mai tsinka.

Heiko yana raina. Na je kabarinsa ranar Lahadi na cire ciyawa.

Maganar tayoyi, kada ka wahalar da kanka. A Kaltenhau ɗin da ke kan teburina ba wanda yake zubar da taya, balle a tara ta a fili. Tulin nan ba shi da wuri a can. In ka zo zan nuna maka, ya fi sauƙi da ɗan yatsa, rubutu yana gajiyar da hannuna.

Allah ya tsare.

Kawunka Gotthard

Bremerhaven, farkon Oktoba

Kawu,

Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Ni ina nan. Na gama gaisuwa.

“Ba wanda yake zubar da taya.” Na karanta layin nan har na haddace. To su wa suka kawo su, aljanu? Ni na ga Oelsner, mijin matar nan, da idona yana mirgino nasa bakin ƙofarmu, na ga mahauci, na ga limamin coci ma da tayoyin motarsa. Su kawo mana dattinsu da safe, da yamma su toshe hanci in sun wuce mu. A makaranta yara suna ce mini ɗan bola, malamai suna yin kamar ba su ji ba, har na gaji na bar musu makarantarsu. Karatuna a saman tulin nan na yi shi, da littattafan da mutane suka manta a bayan motocinsu. Yanzu kai ma ka ce ba mu da wuri. Ka dai faɗa da ladabi, shi ne bambancinka da su.

Ka ce kada in wahalar da kaina, amma ka makara, na riga na wahala. Ga su nan cikin kwalin ashana, na naɗe da auduga.

Bari ka ji yadda aka yi su, don kada ka ɗauka a shago na saya. Siririn tiyon roba na samu, irin wanda ake hura wa kifin ado iska da shi, na yayyanka da reza. Kowane yanki na zura shi a tsinken sakace, ina murzawa a kan sanfefa har kafaɗunsa su zagaye. Zanen ƙasa da allura mai zafi na yi shi, sannan na goge mafi yawansa, don taya mai zane ba ta zuwa juji. Ban shafa musu baƙin fenti ba. Mai shagon nan ya miƙo mini baƙi, na ce masa ya taɓa ganin tsohuwar taya kuwa? Tsohuwar taya launin toka ce, wata ta yi ja-ja inda ƙarfe ya ci ta. Na ɗiga wa wasu fenti mai sheƙi a ciki, ruwan sama kenan da ya kwanta. Koren da ka gani gansakuka ce, garin ganyen shayi na yi ta da shi. Akwai wadda na tsaga, na bar zare ya leƙo.

Duk Lahadin watan jiya a kansu ta ƙare, a bakin taga, ina kallon injinan ɗaga kaya na tashar ruwa. Ba abin da na rasa, dama ba mai ƙwanƙwasa mini ƙofa. Na kai ɗaya wurin aiki, Bogdan shugabanmu ya ɗora ta a farce ya kira sauran.

“Ku zo ku ga Farfesa,” in ji shi. “Kwana shida yana ɗaukar manya, ranar hutu yana haifar ƙanana.”

Farfesa suke ce mini don ina karatu lokacin cin abinci. Na ce masa ya bi a hankali kada ya shaƙe ta, ita ce abu mafi nauyi da ya ɗaga a bana.

Abu ɗaya kuma. Na babana ba tuli ba ne, ku ne kuke ce masa tuli. Saƙa ce. Kowace taya tana jingina cikin bakin ta gabanta, layi ɗaya ya kwanta dama, na samansa ya kwanta hagu. Ƙato zai yi tafiya a kai ba ta motsa ba. Duk abin da giya ta ƙwace masa, ba ta ƙwace wannan ba.

Ka saka su ko ka ba shanunka su ci.

Tilo

Bremerhaven, ƙarshen Oktoba

Kawu,

Lafiya dai? In mutuwa ka yi, wani ya sanar da ni. In fushi ka yi, ka rubuto ka zage ni, na fi gane wannan yaren.

Kullum na dawo aiki sai na buɗe akwatin wasiƙa, ba komai sai tallan naman alade da na katifa. Na je gidan waya, matar ta duba ta ce kwalin ya isa tuntuni, kai ka karɓa da hannunka. To ka gani, ka yi shiru.

Ranar Lahadi na zauna bakin taga da reza a hannu, sai na ga ba abin da zan yanka. Na fita na bi bakin ruwa har inda hanya ta ƙare na dawo. A hanya na yi ta neman wanda ya rage a duniya da ya san sunan kakata ba tare da an gaya masa ba. Kai kaɗai na samu. Abin haushi ne, amma haka yake.

Tilo

Kaltenhau, farkon Nuwamba

Ɗana Tilo,

Ban mutu ba, ban yi fushi ba. Gwiwa ta kumbura ta sace, tari ya zo ya tafi. Wannan takarda a hankali nake rubuta ta, kullum kaɗan, ka yi haƙuri da karkacewar layi.

Na buɗe kwalin a ranar da ya zo. Na sa su ƙarƙashin gilashin ƙara girma, na daɗe ban tashi ba. Shekara da shekaru ina wannan abu, ban taɓa ganin irinsu ba. Har warin filin sai da na ji. Shirun da na yi, rasa abin cewa ne.

Na taƙaita magana a waccan takarda, ka ji abin da ban nufa ba. Mu masu wannan wasa, kowane teburi da shekararsa. Ana zaɓen lokaci ɗaya a tsaya a kansa, fentin taragu, tufafin mutane, allon shago, duk sai sun yarda da juna. Ba a haɗa shekara biyu a teburi ɗaya. In ka haɗa, ba gari ka gina ba, shagon kayan wasa ka buɗe. Nawa bazarar 1986 ce, muna Jamus ta Gabas. A lokacin mutum yakan yi rajistar taya ya jira har ya manta. Tayar motata Trabant sai da aka sake mata fuskar roba, ta cinye, aka sake. Wanda ya samu ta ajiya ƙarƙashin gado yake sa ta. Da wani ya tara taya a fili a shekarar, da kafin la'asar an yi wawa. Abin da nake nufi kenan. Bayan tasha ciyawa ce a lokacin, shanun gonar haɗin gwiwa ne. Filin Heiko sai bayan an haɗe Jamus ta Gabas da ta Yamma, da aka rufe masana'anta, kowa ya sayi motar Yamma ya yar da tsohuwa.

Kuma babanka yana kan teburin. Ka wuce shi ba ka gane ba. Yaron nan da ke kan ɗan babur shuɗi a ƙofar masana'anta, mai jakar abinci a baya, shi ne. Yana koyon gyaran injin saƙa. Duk Kirsimeti sai wani ya nuna shi ya ce wane ne wannan, in ce Heiko, su ce kai haba. Na aika masa ya zo ya gani ba sau ɗaya ba, bai zo ba.

Yanzu ka ji abin da tayoyinka suke nema. In sun shiga, shekara ta matsa gaba. Audugar bututu ta fita, a toshe tagogin masana'anta, ma'aikatan bakin ƙofa su koma cikin kwali. Sannan akwai wata mace a dandamalin tasha, mai jar jaka, tana jiran jirgin safe. Traudel ce, matata. Ba ka san ta ba, ta rasu kafin a haife ka. Saboda ita na zaɓi wannan bazara, ita ce ta ƙarshe da ba mu san akwai ciwo a jikinta ba. Kullum na hau sama na kunna fitila, tana nan a tsaye.

Na yi tunanin wata dabara. A lokacin akan danne tamfol ɗin abincin shanu da 'yan tayoyin da suka mutu murus. Zan iya sa kaɗan daga naka a can. Na san ba shi ka nema ba.

Ban ce a'a ba. Ban iya cewa to ba tukuna.

Kawunka Gotthard

Bremerhaven, tsakiyar Nuwamba

Kawu,

Na gode Allah da kake numfashi. Ka sha wani abu don tarin nan, kada ka tsaya jiran ya gaji.

Da ka rubuta rabin wannan tun farko, da ka rage mini zagin da na yi ta yi maka a zuci. Mutum ya tambaye ka hanya, ka ba shi layi biyu da labarin tuffa.

Tamfol ɗin shanu kuwa, a'a. Na ce ka ba shanu su ci, ban ce ka ɗauke ni da gaske ba.

Na yi ta ƙoƙarin tuno yaron babur ɗin, ban tuna ba. Idona yana kan ciyawa. Ko da na gan shi ma ba zan gane shi ba. Ni ban taɓa sanin babana da jakar abinci ba, ban san shi da wurin da ake jiransa da safe ba. Wanda na sani hannunsa baƙi ne har cikin zanen tafi, yana magana da tayoyi fiye da yadda yake magana da ni, bayan uwata ta tafi. Amma shi na sani, shi nake so a nuna da ɗan yatsa. Naka Heikon na kowa ne, nawa ba mai so.

Duk da haka ka bar teburinka yadda yake. Kada ka taɓa matar nan. Ni na san yadda ɗaki yake in an buɗe ƙofa ba kowa a ciki, ba zan sa tsoho ya hau matakala da gwiwa ɗaya ya tarar da dandamali wayam ba. Ka rufe kwalin ka jefa a aljihun teburi. Dama can taya ce da ba mai so, ta saba.

Ba zan zo Kirsimeti ba. Bogdan yana neman wanda zai tsare wurin aiki ranakun hutu, na ce ni.

Tilo

Kaltenhau, ƙarshen Nuwamba

Ɗana Tilo,

Lafiya lau, tari ya tafi. Dusar ƙanƙara ta fara sauka, maƙwabta sun jera kyandirori a tagogi.

Takardarka ta same ni da hantsaki a hannu. Ta makara, na riga na cire audugar.

Ga yadda aka yi. Bayan na aika maka waccan, na fita lambu in rufe furanni saboda sanyi. Kusa da bencin ƙofar gida akwai wata tsohuwar taya da aka shafa wa farin fenti aka cika da ƙasa. Kullum ina wuce ta, na daina ganinta. Ranar nan na tsaya a kanta. Traudel ce ta sa aka kawo ta. A bazararta ta ƙarshe, ba ta iya zuwa ko'ina, a bencin nan take wuni da bargo a gwiwa. Heiko bai daɗe da buɗe fili ba. Ya zo wucewa ta kira shi, ina jin su ta taga.

“Kai Heiko, warin robarka ya hana ni shan iska. Tunda ka cuce ni, kawo mini guda in shuka fure.”

“Inna, wacce kike so, mai zane ko sulɓaɓɓiya?”

“Wadda ta fi ka kyau, ba za ka sha wahalar nema ba.”

Da yamma ya mirgino ta tun daga tasha, ya shafa fentin da kansa.

Ka gani, akwai bazara ɗaya da ta ɗauke su su biyu, ita da filin Heiko, ta 1991. Masana'anta a rufe, amma jirgin fasinja bai daina zuwa ba, filin yana nan, ita ma tana nan. Can na mai da teburin. Ba hayaƙi yanzu, tagogi a toshe, ma'aikata suna cikin kwali, shanu ma. Traudel ta bar dandamali, na zaunar da ita a bencin ƙofar gida. Ba ta jiran jirgi kuma. Na daɗe ina tsai da ita a ranar da ba ta san komai ba, alhali ranakun da muka fi yin hira su ne na bencin nan.

Matar Oelsner ta leƙo ta gani, ta ce mutane ba za su hawo matakala don su kalli shekarar da aka kore su daga aiki ba. Na ce mata ai suna nan a shekarar, ni ma ina nan. Wataƙila bana ɗakin ba zai cika ba.

Sauran abu biyu. Na gwada saƙar da ka faɗa, duk lokacin da na jingina ta uku sai ta farko ta faɗi. Abin da ke bayan tasha yanzu tuli ne, irin wanda ka hana a kira shi. Ban sa gam ba.

Na biyu, na duba ta ko'ina, babu shekarar da za ta ɗauke ku ku uku, kai da ita da babanka. Lokacin da aka haife ka ita ta tafi. Ba zan iya sa ka a kan teburin ba. Sai dai ka zo da ƙafarka ka tsaya a bakinsa, in an tambaya filin wane ne wannan, a samu mai amsawa.

Ranar Lahadi ake buɗe ƙofa. Na share ɗakin baya.

Kawunka Gotthard

Bremerhaven, Laraba

Kawu,

Ina gaisuwa, a gurguje. Ka daina hawa matakalar nan kai kaɗai.

Na ce ka bari ka ƙi, yanzu ka bar mini aiki. Kada ka taɓa gam. A shekarar da ka zaɓa filin sabo ne, saƙar ba za ta wuce ƙirjin mutum ba, rabin kwalin ma ya isa. Tayoyi masu faɗin da ke cikin kwalin duk sai an fitar da su, ba a fara zubar da irinsu ba a lokacin. Tunda dokarku ce, a bi ta sosai. Gansakukar ma ta yi yawa, zan kankare.

Ka ware mini guda ɗaya mai kyau, ni zan shafa mata farin fenti, kai za ka ɓata. Yaron babur kuma kada ka jefa shi kwali ɗaya da shanu, ka ajiye mini shi a gefe in gan shi da kyau.

Na gaya wa Bogdan ya nemi wani mai gadin. Ya ce Farfesa ya yi budurwa, na ce eh, ta haura tamanin, ba ta ji, ga gemu.

Motar Juma'a da rana zan shigo. In na ƙwanƙwasa ba za ka ji ba, ka bar ƙofar a buɗe.

Tilo